William Marston da Na'urar Gane Ƙarya

Hausawa kan ce mara gaskiya ko a ruwa gumi yake yi. A farkon ƙarni na 20 wani saurayi a ƙasar Amurka ya ɗauki irin wannan magana da gaske, har ya nemi ya auna ta da ma'auni. Sunansa William Moulton Marston, an haife shi a jihar Massachusetts cikin shekarar 1893, ya kuma yi karatun ilmin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard a hannun Hugo Münsterberg, Bajamushen nan da ya daɗe yana jan hankalin alƙalai cewa ba kowace maganar mai shaida ce abin dogaro ba.

Iyalin Marston sun ce matarsa Elizabeth ce ta fara lura cewa jininta kan hau in ta fusata. Daga nan ne ya ɗauko abin awon jini, irin wanda likitoci ke ɗaurawa a damtse, ya riƙa sa ɗalibai su faɗi gaskiya ko su shirga ƙarya, shi kuwa yana auna ƙarfin bugun jininsu lokaci lokaci. Ya buga sakamakon a 1917, inda ya ce jinin mai ƙarya yakan hau, saboda tsoro da kuma wahalar ɓoye abin da ke cikin zuciya.

Ranar gwaji ta gaske ta zo a birnin Washington. A 1920 aka harbe wani likita mai dukiya, Dokta Robert Brown, a gidansa. Daga baya wani matashi baƙar fata mai suna James Frye ya amsa laifin, sa'an nan ya janye maganarsa. A 1922 lauyoyinsa suka kai Marston kurkuku, ya ɗaura masa abin awon, ya yi masa tambayoyi, ya fito ya ce Frye bai yi kisan ba. Amma da aka zo gaban shari'a, alƙali Walter McCoy ya ƙi yarda Marston ya ba da shaida, yana ganin cewa aikin masu taimaka wa alƙali ne su rarrabe mai gaskiya da maƙaryaci. Aka sami Frye da laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ya kuwa tsira daga rataya. An daɗe ana yaɗa labarin cewa wani dabam ya zo ya amsa laifin, amma masu bincike ba su sami shaidar haka ba.

Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1923, cikin 'yan layuka kaɗan. Ta ce ba za a karɓi wata sabuwar dabara ta kimiyya a matsayin shaida ba sai masanan fannin sun amince da ita gaba ɗaya. Abin mamaki, wannan ƙa'ida, wadda ake kira da sunan Frye, ta fi binciken Marston tsawon rai, don kuwa ta yi shekara 70 tana aiki, sai a 1993 Kotun Ƙoli ta kafa wata a madadinta ga kotunan tarayya.

Alƙalan nan sun hangi abin da Marston ya ƙi gani. Na'urar tsoro take aunawa da tashin hankali. Mai gaskiyar da aka tsare, aka ɗaure masa hannu da wayoyi, aka ce ransa na kan amsar da zai bayar, ai dole jininsa ya hau. Gwanin ƙarya kuwa, wanda ya saba da ita tun ƙuruciya, yana iya zama shiru kamar ruwan randa.

Duk da haka na'urar ba ta mutu ba. Tun a 1921 John Larson, ɗan sanda mai digirin dokta a garin Berkeley na jihar California, ya haɗa wadda ke zana bugun jini da numfashi a kan takarda ba tare da tsayawa ba. Leonarde Keeler ya gyara ta, ya ƙara mata awon gumin fata, ya kuma mai da ita hajar sayarwa ga 'yan sanda da bankuna. Larson ya ƙare rayuwarsa yana nadamar abin da aka yi da ita. Shi kuwa Marston sai ya karkata ga neman suna, har a 1938 ya fito a tallan rezar Gillette, wai na'urarsa ta nuna masu aski sun fi son ta. A 1941 ya ƙago Wonder Woman, jarumar littattafan zane, ya ba ta igiyar da duk wanda ta zarga masa ba shi da ikon yin ƙarya. Watau abin da ya gagare shi a ɗakin bincike ya same shi a tatsuniya. Ya rasu a 1947.

A 1988 majalisar dokokin Amurka ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikatansu da na'urar, ko da yake hukumomin tsaro sun ci gaba da amfani da ita. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA, ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyat asirin ƙasarsa a 1985. Aka gwada shi a 1986, ya haye, aka sake gwada shi a 1991, ya sake hayewa. Da aka kama shi a 1994, kuɗin da yake kashewa fiye da albashinsa na cikin abubuwan da suka tona shi.