Jaririn da Ya Fi Kuka a Ƙasar Masai

Wata mai karatu ta aiko da tambaya: an ce mata jaririnta "mai wuyar hali" ne, wa ya ƙirƙiro wannan ma'auni?

Miji da mata ne, likitocin ƙwaƙwalwa a New York, Alexander Thomas da Stella Chess. A 1956 suka fara bibiyar yara 133, akasari 'ya'yan masu ilimi da rufin asiri. Suna tambayar iyaye: yaron na barci a kan lokaci? Ya yake yi in an ba shi sabon abinci ko ya ga baƙo? Suka ce kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin hali ne, kashi 15 masu jinkirin sabo, kashi 10 kuwa masu wuya. Sauran ba su shiga ko'ina ba.

A 1974, lokacin da fari ke cin Sahel da gabashin Afirka, wani likita mai suna Marten deVries ya kai wannan ma'auni wajen Masai, makiyayan Kenya. Ya ware jarirai goma mafiya sauƙi da goma mafiya rigima. Da ya koma bayan 'yan watanni, shanu sun mutu, iyalai sun watse neman kiwo, 13 kawai ya iya ganowa. Cikin masu sauƙin hali bakwai, biyar sun rasu. Cikin masu rigima shida, ɗaya ne ya rasu.

Bayanin deVries shi ne, uwar da yunwa ta galabaitar takan miƙa nono ga wanda ya tsala ihu, mai shiru kuwa a ɗauka ya ƙoshi. Ga shi Masai na son yaro mai zafin zuciya, don jarumi suke fatan ya zama. Masu suka na cewa jarirai 13 sun yi kaɗan, kuma watakila masu shirun da ma raunana ne. Maganar ƙarancin adadi gaskiya ce. Amma ko da sukar ta biyu ta tabbata, ma'aunin ne ya sha kaye, tunda ya kira yaro mara ƙarfi "mai sauƙi".

Rahoton deVries ya fito a 1984. Thomas da Chess da kansu sun riga sun ce abin dubawa shi ne dacewar halin yaro da gidan da ya tashi. Daga baya wata mai bincike, Mary Rothbart, ta tsara takardun tambayoyi da aka fassara zuwa harsuna da dama, kuma har yanzu iyaye ne ke cika su.