Huang Qin da yaɗuwar kansar baki

Huang Qin, wanda masana tsirrai ke kira Scutellaria baicalensis, tsiro ne da ke fitowa a arewacin Sin, Mongoliya da gabashin Rasha. Saiwarsa rawaya ce mai ɗaci. Ana shanya ta a dafa a sha domin zazzaɓi, gudawa da kumburi, kuma sunanta ya zo a tsohon littafin magunguna na Shennong Bencao Jing. Manyan sinadaran da ake tacewa daga cikinta su ne baicalin, baicalein da wogonin.

Ana nazarin tasirin waɗannan sinadarai a kan kansar baki, wadda takan fara a fatar harshe, dasashi ko cikin kumatu, sannan ta bazu zuwa kaluluwar wuya. Taba da giya na haddasa ta, haka ma tauna ƙwallon areka da ya zama ruwan dare a Taiwan da lardin Hunan (wannan ƙwallo ba shi da alaƙa da goron ƙasar Hausa).

Kafin ƙwayoyin kansa su yaɗu, sai sun narkar da naman da ke kewaye da su ta hanyar sinadarai irin su MMP-2 da MMP-9. A ɗakunan gwaji an ga baicalein na rage waɗannan sinadarai, yana kuma hana ƙwayoyin hayayyafa. Sai dai yawancin gwajin a kan ƙwayoyin da aka raina a faranti da kuma ɓeraye aka yi shi, kuma jikin mutum kaɗan yake tsotsa daga abin da aka sha. An kuma samu rahotannin lahanin hanta daga wasu haɗe-haɗen da ke ɗauke da saiwar. Har yanzu tiyata, gashi da haske da magunguna irin su cisplatin ne maganin da aka tabbatar, kuma jinkirta su saboda saiwa babban haɗari ne.