Tarihin Kula da Cibiyar Jariri a Ƙasar Bakolori

Tun kafin a tare Gulbin Sakkwato a Bakolori, a zamanin da mutanen Mafara da Bakura da Maradun ke noman fadama bisa ambaliyar damina, al'amarin jariri kacokan yana hannun ungozoma ne, tsohuwar da galibi ta gaji sana'ar daga uwarta ko kakarta. Mai naƙuda takan haihu a durƙushe a ɗakinta, sa'an nan a aika wa ungozoma ta zo ta yanke cibiya da aska ko reza, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka; a yi masa kiran salla a kunnen dama, a ɗanɗana masa dabino bisa sunna. Daga nan safe da yamma sai gashin cibiya: a ɗumama tsumma a jikin kasko mai zafi, a riƙa dannawa a hankali har ta bushe ta faɗi, sau da yawa kafin ranar suna.

Haƙiƙa tsoffin nan sun yi hidima da tausayi, amma cibiya ɗanyen rauni ce mai kai wa ga jini, kuma ta nan ƙwayar cutar sarƙe haƙora ke shiga idan reza ko tsumma ba su da tsabta. Sai ka ga jariri ya yi kwanaki yana tsotso lafiya, kwatsam ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare, a ce iska ce ta taɓa shi, alhali sababin yana cibiyarsa.

A 1978, shekarar da aka kammala madatsar Bakolori, taron lafiya na duniya a Alma-Ata ya yi ittifaƙi a kan kai kiwon lafiya matakin farko ga talakan karkara, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage wajen aiwatar da shi a ƙananan hukumomi, har rigakafin masu ciki ya yaɗu. A 2009 gwamnatin tarayya ta soma tura ƙwararrun ungozomomi asibitocin ƙauye; a 2013 Jihar Sakkwato, wadda aka ciro Zamfara, jihar da Bakolori ke ciki, daga cikinta a 1996, ta fara rarraba man kuloheksidin na shafa wa cibiya, kafin tarayya ta fitar da tsarinsa na ƙasa a 2016.

Yau abin da ake koya wa ma'aikaciyar jinya shi ne ta tsane jariri nan take, ta ɗora shi a ƙirjin uwarsa, ta duba numfashinsa da bugun zuciyarsa a minti na 1 da na 5 bisa ma'aunin da likita Virginia Apgar ta ƙirƙiro a Amurka a 1952, ta jinkirta wanka kwana guda domin sanyi na saurin kama shi, musamman da hunturu, ta kuma sa a ba shi dakashin da a da ake matsewa a zubar. Sai dai mafi yawan matan Zamfara a gida suke haihuwa har yanzu, kuma 'yan bindiga sun sa ma'aikata barin asibitocin ƙauyuka da dama, saboda haka ungozomar unguwa ce ya wajaba a horar, a ba ta sabuwar reza da man cibiya.