Dorugu: Bawan Da Ya Yi Wa Hausa Hidima

Na ga ya dace in yi amfani da wannan fili in tunatar da mu tarihin wani bawan Allah wanda dukkanmu mun ci moriyar wahalarsa, alhali ko sau ɗaya ban ji an ambaci sunansa ba a duk shekarun da muka yi a aji. Sunansa Dorugu, kuma labarinsa ya ishe mu misali na yadda Allah, in Ya tashi aikinSa, ba Ya shawara da kowa wajen zaɓen wanda zai ɗauke shi.

An haifi Dorugu wajajen shekarar 1839 a wani ƙauye na ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Ɗan talaka ne, ba gidan sarauta, ba gidan malanta. Yana yaro mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. Duk wanda ya gan shi a kasuwa ranar nan, ba zai ga komai a jikinsa ba illa kuɗin da za a saye shi.

A Kukawa ne wani Bajamushe mai suna Ofaweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi da ake kira Abbega. Ba a daɗe ba Ofaweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Dokta Bart, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Da shi suka bi ta Zindar, da Katsina, da Wurno, da Sakkwato, da Gwandu, har Tambutu, inda suka isa a watan Satumba na 1853. Bayan sun komo Barno suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan cikin 1855. A lokacin Dorugu bai wuce shekara goma sha shida ba.

To, a Ingila akwai wani limamin mishan, shi ma Bajamushe, mai suna Shon. Wannan mutum ya fara koyon Hausa a Saliyo daga bakin 'yantattun bayi, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma Hausarsa ba ta nuna ba, domin bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Da ya samu yaran nan, sai ya zama kamar mai ƙishirwa ya tarar da rijiya. Abbega ya koma gida a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa, da yake Hausa ce harshen da ya sha a nono, shi ya zauna. Yana faɗa Shon yana rubutawa: tatsuniyoyi, da karin magana, da labarin rayuwarsa tun daga ranar da aka kama shi har zuwa abin da ya gani na al'adun Turawa.

Daga wannan zama ne Shon ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da kuma littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa tarihin Dorugu yake. Sunan Shon ne a bangon littattafan, amma mafi yawan Hausar da ke ciki daga bakin yaron nan ta fito.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ba Dorugu ko Shon ne suka fara rubuta Hausa ba. Tun kafin su, malamanmu irin su Nana Asma'u 'yar Shehu suna rubuta waƙoƙi da ajami, kuma wannan gado yana nan. Haka kuma niyyar Shon ita ce yaɗa addininsa, shi ya sa ya yi wa Dorugu baftisma da sunan Jemis Henri. Amma mutum da nufinsa, Allah da naSa. Rubutun bokon da aka aza tubalinsa a wancan ɗaki, shi ne Bajari ya yi babban ƙamusinsa da shi a 1934, shi ne Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce da shi, shi ne aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da shi tun 1939. Da shi aka fassara Alƙur'ani mai girma, da shi aka fassara Littafi Mai Tsarki, da shi kuma nake rubuto muku wannan takarda.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Nasarawa ta Kano, yana taimaka wa Ɗan Hausa a makarantar boko da ya buɗe a 1909, wadda ita ce ta farko ta gwamnati a Arewa. A can ya rasu cikin 1912. Ke nan yaron da aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa yana cikin malaman farko na irin makarantar da ta yi mu.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Ubangiji. Annabi Yusufu, alaihissalam, daga rijiya aka tsamo shi aka sayar, shi ne kuma ya tserar da Masar daga yunwa. Bilal, Allah Ya ƙara masa yarda, bawa ne da aka azabtar a Makka, shi ne kuma ladanin farko a Musulunci. Faɗin haka ba wanke masu fataucin bayi ba ne, domin zalunci zalunci ne ko da Allah Ya fitar da alheri daga cikinsa.

'Yan'uwa, mu dubi ajinmu kawai. Wa ya zaci cewa wasu da ke zama a kujerar baya, waɗanda ake kora saboda kuɗin makaranta, su ne a yau za su riƙe asibitoci da kotuna da makarantu? Saboda haka nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu, in an zo raba tallafin karatu, kada a tsaya ga 'ya'yan waɗanda aka sani kaɗai. A nemi maraya, a nemi ɗan ƙauye, a nemi yaron da ba shi da mai yi masa magana. Ba mu san wanda Allah Ya ajiye wa aikinSa a cikinsu ba, kuma raina kama ka ga gayya.