Yadda Muka Koyi Yin Tambaya a Sakkwato

A ranin 1952 zuwa 1953 aka zaunar da malaman ƙidaya a bakin hanyoyi da mashigan ruwa na Lardin Sakkwato, suna tsayar da duk wanda ya saɓo ƙunshinsa zai tafi cin rani. Daga wane gari kake? Ina ka nufa? Wace sana'a za ka yi a can? Sun rubuta mutum sama da 200,000, daga baya wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya tace alƙaluman ya fitar da rahoto. Babu Basakkwacen da bai san ana cin rani ba. Abin da ba a sani ba shi ne mutum nawa ke tafiya, kuma me ya sa wata gunduma ke kwashewa kaf, maƙwabciyarta tana zaune. Mu da muke sana'ar binciken zamantakewa a garin nan, daga wannan ƙidaya muke fara ba ɗalibai labarin fanninmu.

Sai dai nakan ja kunnensu kada su ɗauka Bature ne ya kawo mana tantance magana. Almajirin da ya karanta hadisi a zaure ya san ba a karɓar labari sai an ji wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaya amanarsa take. Da Muhammadu Bello ya rubuta Infakul Maisuri a 1812, sai ya sa wasiƙun Shehu al-Kanemi na Borno a ciki, mutumin da ke sukar jihadin, sannan ya kawo amsarsa. Ajiye hujjar abokin jayayya a gaban mai karatu shi ne abin da har gobe muke fama mu cusa wa masu neman digiri na biyu. Wannan gado ne Waziri Junaidu ya riƙe. A ɗakin littattafansa masanin tarihi Murray Last ya zauna a farkon shekarun 1960, ya kammala digirin dakta a Ibadan a 1964, littafinsa kan daular Sakkwato ya fito a 1967.

Aikin da ya fi koya mana zaman ƙauye ya zo ne daga masu binciken noma na Samaru. A ƙarshen shekarun 1960 ayarin David Norman suka zaɓi ƙauyuka uku a kewayen Sakkwato: Takatuku, Ƙaura Kimba da Gidan Karma. Malaman da suka ɗauka can suka tare, suna bin gidajen da aka zaɓa a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta wanda ya je gona, tsawon aikin da ya yi, abin da aka girbe da abin da aka kai kasuwa. A lokacin malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Binciken da ayarin ya yi a nan da Zariya da Bauci ya nuna manomin lissafi yake yi: idan damina ta yaudari ɗaya, ɗayan zai tsira, kuma hannun aiki a lokacin noman farko ya fi komai ƙaranci. Masu ilimin boko ne suka gyara ra'ayinsu, saboda an zauna an auna.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, ɗalibai suka fara karatu a 1977 a ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, Mahdi Adamu ya gaje shi, a 1988 aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo. Daga nan tambayar ta koma hannun 'ya'yan gida. Zamani ne na muhawara mai zafi. Daga Zariya Yusufu Bala Usman yana koya wa mutane su tuhumi ko da rubutun Baturen matafiyi Barth: a gidan wa ya sauka, wa ya yi masa tafinta, me aka bar shi ya gani? Ga kuma Bakolori, inda aka gina madatsar ruwa da kyakkyawan lissafi a takarda, manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi bore kan diyya, aka kashe mutane a 1980. Wanda ya yi karatu a lokacin ya san alƙaluman da ba a tambayi talaka ba suna iya cin rai.

Abin da littafin hanyoyin bincike ba ya faɗa, filin aiki ke koyar da shi. Ka tambayi Bafulatani yawan shanunsa, tsoron jangali da ya gada zai amsa maka kafin bakinsa. Ka tambayi uwa 'ya'ya nawa ta haifa, sau da yawa za ta tsallake ɗan fari don alkunya, waɗanda suka rasu kuwa ba ta so a tono. Dattijo bai riƙe shekarar haihuwarsa ba, amma zai gaya maka ya riga ya yi aure lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, ko yana da ɗa biyu lokacin fari na 1973, kai kuma ka yi lissafi. Manomi da dami yake auna gero, damin wannan ƙauye kuma ba ɗaya yake da na wancan ba, dole ka sa a sussuka ɗaya a gabanka a auna da tiya. Gidan da ake kulle, namiji iyakarsa zaure. In ba ka tafi da mace mai tambaya ba, abin da maigida ya zata game da furar matarsa da adashinta za ka rubuta, ka kira shi tattalin arzikin mata. Haka in hakimi ya haɗa ka da dogari ya raka ka, kowa zai ce lafiya lau.

Yanzu kwamfuta ta sauƙaƙa lissafi, manhajar SPSS na yi a minti ɗaya abin da malamanmu ke kwana a kai. Ina murna da haka. Damuwata ita ce babi na uku na kundin digiri, na hanyoyin bincike, ya zama abin hadda a wurin ɗalibai da yawa a ko'ina: a kwafo girman samfur, a raba takardar tambayoyi da Turanci mai zaɓi biyar ga mutumin da bai taɓa cewa ya yarda ƙwarai ko ya yarda kaɗan ba, a dawo da jadawali mai kyan gani. Shi ya sa kafin in duba jadawalin ɗalibi nake sa shi ya faɗa mini tambayarsa da Hausa, yadda zai faɗa wa gwaggonsa, ya kuma gaya mini wace amsa ce in ya samu za ta rushe abin da yake zato.

Sabuwar matsalar ta fi wannan nauyi. Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, inda ake matuƙar bukatar sanin halin da jama'a ke ciki, 'yan bindiga sun sa shiga ƙauyukansu ya zama sayar da rai. Masu bincike sun koma kiran waya da hira da waɗanda suka gudo cikin gari. Wanda ke da waya da caji da layi mai kamawa shi ake ji, tsohuwar da ta kasa gudu ba ta shiga samfur. Abin da muke nema ga ɗalibanmu a yanzu shi ne su rubuta ɓaro-ɓaro a cikin kundinsu ƙauyukan da ba su kai ba da irin mutanen da ba su ji daga bakinsu ba.