Ɗakin Likitoci da Ɗakin Ungozomomi

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa cikin wasiƙunku: idan mace ta samu juna biyu, hannun wa za ta shiga, ungozoma ko likita? Wata ta ce surukarta ta rantse ba a taɓa kai matar gidansu asibiti haihuwa ba, wata kuma ta ce in ba likita ne ya duba ta ba hankalinta ba ya kwanciya. To yau ba zan amsa da ka ba. Gyara zama in ba ki tarihin wani asibiti da aka taɓa ajiye su biyun, kowa da ɗakinsa, ana rubuta yawan waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu.

Asibitin yana birnin Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya a Turai. Sashen haihuwarsa kashi biyu ne. A ɗaki na farko likitoci ne da ɗalibansu maza suke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomomi ne da 'yan matan da suke koya wa aikin. Talakawa ne ke zuwa, domin kyauta ne. Kuma mace ba ta da zaɓi, ranar da naƙuda ta kama ki ita ke nuna ɗakin da za a kai ki.

Daga 1841 zuwa 1846 an karɓi haihuwa 20,042 a ɗakin likitoci, mata 1,989 suka rasu. Kusan ɗaya ke nan cikin kowace goma. A ɗakin ungozomomi haihuwa 17,791, mata 691 suka rasu, wato ba su kai huɗu cikin ɗari ba. Abin da ke ɗauke yawancinsu zazzaɓi ne mai zafi da ke kama mai jego kwana biyu ko uku bayan ta sauka, ciki ya kumbura, kafin a ce me sai rai ya yi halinsa. Matan gari sun san da wannan sarai, kin san mu ba a ɓoye mana irin wannan labari. Mace takan durƙusa tana kuka tana roƙon kada a kwantar da ita ɗakin likitoci. Wasu ma a bakin titi suke haihuwa, sannan su ƙarasa da jariri a hannu su ce a hanya abin ya zo. Wani abin mamaki, su waɗannan na titi ba su cika kamuwa da zazzaɓin ba.

Manyan likitoci suka yi ta kawo dalilai. Wasu suka ce gurɓatacciyar iska ce, alhali iska ɗaya ɗakunan biyu ke shaƙa. Wasu suka ce cunkoso ne, alhali ɗakin ungozomomi ya fi cika. Har aka samu masu cewa kunya ce ke kashe matan, saboda maza na duba su. Ni dai da na zo nan sai da na yi dariya, na ce ashe har a can ana ɗora wa kunya laifin da ba nata ba.

A 1846 aka ɗauki wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis aiki a ɗaki na farko. Abin ya hana shi barci. Ya ga ungozomomi na kwantar da mace ta gefe, ya sa aka yi haka a ɗakinsa, ba abin da ya sauya. Ya ga limamin coci na ratsa ɗakin da ƙararrawa in zai je wajen mai gargarar mutuwa, ya ce ko fargaba ce, ya roƙe shi ya daina kaɗawa. Mutuwa ta ci gaba.

Sai a watan Maris na 1847 abokinsa, Farfesa Jakob Kolletschka, ya rasu. Suna cikin feɗe gawa don bincike wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa, ciwo ya shiga jini. Da Semmelweis ya karanta abin da aka gani a jikin abokin nan, sai ya ga daidai yake da abin da ake gani a jikin masu jegon da ke mutuwa. Nan ya gane. Likitoci da ɗalibai kan fara da ɗakin gawa da safe, daga can su zarce ɗakin haihuwa su sa hannu a jikin mace. Ungozomomi kuwa ba ruwansu da feɗe gawa. A tsakiyar watan Mayu ya ajiye ruwan sinadarin kulorin, dangin wanda ake zubawa a ruwan famfo, ya ce ba mai taɓa mace sai ya wanke hannu da shi. A watan Afrilu mata 18 cikin ɗari ne suka rasu a ɗakin. A watan Yuni suka koma biyu da 'yan kai. A 1848 ɗakunan biyu suka yi kunnen doki, kowanne ƙasa da biyu cikin ɗari.

Kya ce za a yi masa kyauta ko? Ina! Manya suka ji haushin a ce hannunsu ne ke kashe mata, ga shi lokacin ba a riga an tabbatar da zancen ƙwayoyin cuta ba. A 1849 aka ƙi sabunta masa aiki. Ya koma ƙasarsu, ya fitar da littafi a 1861, aka yi biris da shi. A 1865 ya rasu a gidan masu taɓin hankali yana da shekara 47.

Yanzu kada ki tashi ki ce wa maigida ai ga shi an faɗa a rediyo, ungozoma ta fi likita. Ba ilimin likitocin ne ya kashe matan nan ba, dattin hannu ne da girman kai. Kuma huɗu cikin ɗari na ɗakin ungozomomi ma ba ƙaramar asara ba ce. A zamanin in jini ya ɓalle ko ɗa ya gicciye, dabarar kowa kaɗan ce. Sai daga baya aka samu ƙarin jini, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga wajen 1936, da tiyatar ciro jariri wadda mace ke tashi lafiya bayanta. Waɗannan ne suka sa likitan haihuwa ya zama wanda ba a iya yi sai da shi in abu ya rikice.

Mu dawo gida. A bakinmu ungozoma mutum biyu ce. Akwai tsohuwar unguwa, wadda a al'ada sai ɗa ya faɗo ake kiranta, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Akwai kuma ta asibiti, wadda ta yi makaranta, ta iya awon ciki da gwajin hawan jini, ta san naƙudar da ke tafiya daidai da wadda ta tsaya. Ita wannan ta biyu ta isa ta riƙe cikin da ba shi da matsala tun daga farko har sauka, kuma rabin gwanintarta shi ne sanin lokacin da za ta ce a kira likita. Tsohuwarmu kuwa muna girmama ta, amma ki lura da rezarta sabuwa ce ko tsohuwa, kuma kada ki yarda da yankan gishiri, yana daga cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari.

Mu ma an taɓa yi mana irin ƙirgen Biyana. Farfesa Kelsey Harrison na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya buga sakamakon a 1985. A nan bambancin ba tsakanin ɗakin likita da na ungozoma ya fito ba. Ya fito ne tsakanin matan da suka yi awo da waɗanda ba a gan su ba sai da aka kwaso su a galabaice, bayan sun kwana suna naƙuda a gida. Mafi yawan waɗanda suka rasu daga cikin na biyun suke.

Don haka ki fara awo da wuri wajen ungozomar asibitin da ke kusa da ke, ki kuma tambaye ta ina take tura mace in ana bukatar tiyata ko ƙarin jini. In kin taɓa haihuwa da tiyata, ko kina da hawan jini, ciwon suga ko sikila, ko tagwaye ne, ko cikin fari ne da ƙananan shekaru, to likita ya san da zamanki tun kafin watanki ya kama. Zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, naƙudar da ta wuni ta shiga dare, ko zazzaɓi bayan haihuwa, waɗannan ba a jiran gari ya waye. Kuma tun yanzu ki nemi izinin maigida a gaban surukarki, cewa in abu ya taso ba ya gida a wuce da ke, a kuma san motar wa za a ɗauka.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.