Tarihin Gano Jerin Ilektoron a Cikin Ƙwayar Zarra

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa masana kimiyya sun ga tsarin sinadarai fiye da shekara 50 kafin su san dalilinsa. A shekarar 1869 Mendeleev, mutumin Rasha, ya jera sinadarai cikin jadawali, ya kuma lura halayensu suna maimaituwa bi da bi, amma musabbabin hakan ya ɓuya masa. Sai a 1897 Thomson ya gano ilektoron a Ingila, kana a 1911 Rutherford ya nuna cewa nauyin zarra ya tattaru ne a wata 'yar cibiya. Nan fa aka shiga ruɗani, domin bisa ilmin wancan zamani, tilas ilektoron mai kewaya cibiya ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗa cikinta, zarra ta rushe.

Bohr ne ya kawo mafita a 1913, inda ya ce ilektoron ba ya zama sai a wasu ƙayyadaddun matakai. A 1925 Pauli ya kafa ƙa'idar da ta hana ilektoron biyu kasancewa cikin hali guda, wadda ta bayyana abin da ya sa matakin farko yake ɗaukar 2, na biyu 8, na uku 18. Alal misali, jerin sodiyam 2, 8, 1 ne, na kulorin kuwa 2, 8, 7. Wancan ya ba da ɗaya, wannan ya karɓa, gishiri ya samu.

Sai dai lissafin Schrödinger na 1926 ya rushe zancen kewaye, ya bar mu da sanin wurin da aka fi tsammanin samun ilektoron. Saboda haka wajibi ne malami ya sanar da ɗalibi cewa zanen da'irori na kan allo tsani ne kawai.